Waƙa Ɗaya, Harshe Biyu: Darussa daga Mawaƙan Japan ga Mawaƙan Ƙasar Yauri

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda mutum biyu masu harshe daban-daban suke haɗa kai su shirya waƙa ɗaya. Ta ɗauki misalanta daga waƙoƙin zamani na ƙasar Japan, inda aka shafe fiye da shekara 60 ana gwama Japananci da Turanci, sannan ta auna su da halin da ake ciki a ƙasar Yauri, inda Hausa take zaune tare da harsunan Gungawa da Kambari da Dukawa da Shangawa da Lopawa. Maƙalar ta nuna cewa waƙa mai harshe biyu ba ta yin armashi sai kowane harshe ya sami mai shi a wurin shirya ta, an kiyaye tsarin sautinsa, an kuma ba shi saƙon da zai ɗauka. Ta kuma nuna cewa Hausawa suna da tsohon gado na irin wannan aiki a cikin tahamisi da amshi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin ruwa a Yelwa ta ƙasar Yauri ranar kasuwa zai ga jirage suna shigowa da buhunan albasa da kwandunan kifi, kuma da yawa daga cikin injunan da ke tura su suna ɗauke da suna ɗaya: Yamaha. Idan ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, zai iya sake cin karo da wannan suna a jikin fiyanon da ake kaɗa wa mawaƙan fim. Asalinsu ɗaya ne. Torakusu Yamaha ya fara ƙera kayan kiɗa a garin Hamamatsu a 1887, sashen babura da injuna kuma ya zama kamfani mai cin gashin kansa a 1955. Wato Japan ta daɗe da shigowa rayuwar mutanen bakin Kogin Kwara ta hanyar ƙarfe. Abin da wannan maƙala take nema shi ne mu karɓi wani abu nata da ba ƙarfe ba, wato abin da mawaƙanta suka koya wajen haɗa harshensu da Turanci.

Dalilin zaɓen Japan ba sha'awar nesa ba ce. Japananci da Hausa sun yi tarayya a abubuwa biyu da suke da nauyi a waƙa: tsawon wasali yana canza ma'ana a cikinsu, haka ma hawa da saukar murya. Turanci kuwa a kan wani tsari daban yake tafiya. Saboda haka duk wahalar da mawaƙin Tokiyo ya sha wajen zaunar da harsunan biyu a kan kari ɗaya, mawaƙin Yelwa ma zai sha irinta.

2.0 Ƙasar Yauri da Harsunanta

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi. Tsohuwar fadarta ita ce Birnin Yauri, kafin mulki ya zauna a Yelwa a 1888. Tun can ƙasa ce ta al'ummomi da yawa. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Bareshe, harshensu kuma Tsureshe, su ne suka zauna a tsibiran kogi. Kambari da Dukawa suna tudu. Harshen Shangawa kuwa ba dangin waɗannan ba ne, na rukunin Mande ne, ɗan'uwan harshen Kyangawa da na Busawa. Hausa ita ce harshen fada da kasuwa da wa'azi. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi nazarin tarihin wannan masarauta a ƙarni na 19, Frank Salamone kuma ya rubuta a kan yadda Gungawa suke rikiɗa su zama Hausawa, a cikin shekarun 1970.

Babban abin da ya girgiza ƙasar shi ne madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya cinye tsibirai da gonaki da makabartu, aka tayar da mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Wanda ya bar tsibiri ya dawo bakin hanya, dole ya ƙara shiga kasuwa da makaranta, wato ya ƙara shiga Hausa. A yau yawancin Shangawa Hausa suke yi, harshen kakanninsu ya rage a 'yan ƙauyuka kaɗan. Kan wannan kuma sai ga Turanci ya zo ta makaranta da rediyo da wayar hannu. Saurayin da yake son yin waƙa a Yelwa ko Wara yana iya kasancewa da harshe uku a bakinsa: na kakarsa, na kasuwa, da na aji. Tambayar ita ce wanne zai sa a waƙa, a ina, kuma tare da wa.

3.0 Matakai Uku a Tarihin Waƙar Japan

3.1 Waƙar da Aka Canza wa Suna

A 1961 Kyu Sakamoto ya rera wata waƙa mai suna Ue o Muite Aruko, wadda Rokusuke Ei ya rubuta baitocinta, Hachidai Nakamura ya sa mata kari. Waƙar baƙin ciki ce, ta mutumin da yake tafiya yana ɗaga kai sama don kada hawayensa su zubo. Da ta tsallaka zuwa Ingila da Amurka sai 'yan kasuwa suka ga sunan zai yi wa Turawa wuyar faɗa, suka laƙa mata Sukiyaki, wanda sunan wani abincin nama ne da ba shi da alaƙa da waƙar ko kaɗan. A watan Yunin 1963 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, da Japanancinta, ba tare da an canza baiti ɗaya ba. A 1981 ƙungiyar A Taste of Honey ta sake rera ta da baitocin Turanci waɗanda sababbi ne, ba fassara ba.

Darasi biyu ke nan. Na farko, waƙa tana iya ratsa duniya da harshenta. Na biyu, idan mai harshe ba ya wurin da ake yanke shawara, za a raɗa wa ɗansa sunan da aka ga dama.

3.2 Muhawarar Harshen Kiɗan Zamani

A wajajen 1970 zuwa 1971 an yi wata muhawara mai zafi a mujallun kiɗa na Japan. Ɓangaren Yuya Uchida ya tsaya a kan cewa kiɗan rok da Turanci aka haife shi, kuma wanda yake son duniya ta ji shi da Turanci zai rera. Ƙungiyar Happy End, ta Haruomi Hosono da Eiichi Ohtaki da Shigeru Suzuki da Takashi Matsumoto, ta ce Japananci zai iya. Ba da baki kaɗai suka yi gardamar ba. Sun fitar da faifan Kazemachi Roman a 1971, inda Matsumoto ya rubuta baitoci da Japananci tsantsa, sauran suka nemo yadda za a shimfiɗa su a kan baƙon kiɗa. Wannan faifai yana cikin waɗanda Japanawa suka fi girmamawa har yau. Muhimmin abu shi ne sai da suka tabbatar wa kansu harshensu zai iya tsayawa shi kaɗai, sannan gwama shi da Turanci ya zama zaɓi, ba mafakar gazawa ba.

3.3 Zaman Mutum Biyu a Kan Waƙa Ɗaya

Daga nan aka shiga zamanin haɗin gwiwa. Ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ta yi aiki da Chris Mosdell, marubuci ɗan Ingila mazaunin Tokiyo, wanda ya rubuta baitocin Turanci na faifansu na 1979. Tatsuro Yamashita ya daɗe yana aiki da Alan O'Day, mawaƙi ɗan Amurka, wanda ya rubuta masa baitocin Turanci na faifan Big Wave na 1984. Waɗannan mawaƙa ba su ce tun da sun yi Turanci a makaranta sun isa su rubuta waƙa da shi ba. Sun nemo mai harshen, suka kuma rubuta sunansa a jikin faifai.

Utada Hikaru, wadda aka haifa a New York a 1983, ta tashi da harsunan biyu a bakinta. Faifanta First Love na 1999 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 7 a cikin Japan, kuma ta yi fice wajen ratsawa daga wannan harshe zuwa wancan ba tare da an ji gaɓar ɗinki ba. A kwanan nan kuma ƙungiyar YOASOBI tana aiki da Konnie Aoki, wanda yake mayar da waƙoƙinsu Turanci ta hanya mai wuya: yana neman kalmomin Turanci da za su riƙe ma'ana, kuma amonsu ya yi kama da na Japanancin asali, har mai sauraro ya riƙa jin kamar harsunan biyu suna magana a lokaci guda. Waƙarsu Idol, bayan fitar da ta Turanci, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na ƙasashen duniya ban da Amurka a watan Yunin 2023, karo na farko ga waƙar Japananci.

4.0 Inda Harsunan Suke Karo

4.1 Nauyin Gaɓa

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ta farko marar nauyi ce, sauran biyun masu nauyi. A kan wannan bambanci aka gina ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa, kuma marigayi Russell Schuh ya nuna cewa mawaƙa suna kiyaye shi hatta a wajen rerawa. Idan mawaƙi ya ja wasalin farko na kalmar gari, ya fitar da mu daga birni ya kai mu wurin niƙa. Haka abin yake a Japananci, inda ake ƙirga awon da ake kira mora. Sunan Tokiyo a bakinsu mora huɗu ne. Kalmar obasan tana nufin gwaggo ko inna, amma da an ja wasalin tsakiya ta koma kaka.

Turanci ba ya ƙirga haka. Yana dogara ne ga gaɓar da aka danna, yana kuma jera baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakani. Shi ya sa Bahaushe ya buɗe kalmar Bature mai gaɓa ɗaya ya mayar da ita burodi, mai gaɓa uku. Bajapane ma haka yake yi: kalmar Turanci mai gaɓa ɗaya ta wasan ƙwallon sanda ta zama sutoraiku, mora biyar. Ma'anar wannan ga masu shirya waƙa ita ce, layin kari ɗaya zai ɗauki zance mai yawa da Turanci, kaɗan da Hausa. Wanda ya fassara baiti kalma da kalma zai ga Hausar ta yi wa karin yawa, sai ya shiga haɗiye wasula, ma'ana ta lalace.

4.2 Karin Sauti

Kuka na ido da kukar miya harufansu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. A Japanancin Tokiyo kalmar ame tana nufin ruwan sama idan murya ta sauko, alewa idan ta hau. Mashahurin mai shirya kiɗansu Kosaku Yamada ya dage a kan cewa karin waƙa ya bi hawa da saukar kalma. A wajenmu Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya nuna cewa mawaƙan Hausa har amsa-amo suke yi da karin sauti a ƙarshen layuka. Idan aka fara gina kari a kan baitin Turanci, sannan aka cusa masa Hausa, sau da yawa murya takan hau inda kalma take son sauka. Kunnen Bahaushe yana jin wannan nan take, ko da bai san sunan laifin ba. Abin da zai ce kawai shi ne waƙar ba ta zauna ba.

5.0 Gadon da Muke da Shi

Haɗa kai a kan waƙa mai ratsa harsuna ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗan'uwanta Isa ya yi mata tahamisi. Mutum uku, harshe biyu, waƙa ɗaya, kuma tarihi ya riƙe sunan kowa da aikinsa. Tahamisi kansa makaranta ce ta ladabin aiki tare. Mai tahamisi yana ƙara layi uku a kan layi biyu na mai waƙa, dole ya bi ma'auninsa, ya bi amsa-amonsa, ya faɗaɗa ma'anarsa ba tare da ya danne ta ba.

Ta fuskar waƙar baka kuwa, Yauri ba ta buƙatar aron misali. Nan ne mazaunin gidan Ɗandawo, Aliyu da ɗansa Sani, waɗanda suka yi suna a waƙar fada. Duk wanda ya saurari makaɗan fada ya san waƙar ba ta mutum ɗaya ba ce. Jagora yana kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba, sannan a koma gindi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fayyace waɗannan sassa a nazarce-nazarcensa na waƙar baka. Wannan tsari na gindi da ɗiya ya dace ƙwarai da waƙa mai harshe biyu, domin ya riga ya raba waƙa gida-gida, ya ba kowace murya ɗakinta.

Akwai kuma gargaɗi a cikin gadon. Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, ya yi waƙar Hausa Mai Ban Haushi yana sukar masu surka Hausa da Turanci ba gaira ba dalili. Ba ƙin baƙon harshe ya yi ba, ƙin sakaci ya yi. Mawaƙan zamani irin su Classiq da DJ AB da Morell da Di'Ja sun nuna cewa Hausa da Turanci suna iya zama a waƙa ɗaya su ja masu sauraro daga Arewa da Kudu. Amma a bayansu akwai tarin masu kwaikwayo waɗanda Turancin da suke sakawa ado ne kawai, kalma biyu ko uku da ba su ƙara komai ba. Wannan Ingausa ce, ba haɗin gwiwa ba.

6.0 Hausa: Ƙarama a Can, Babba a Nan

Nan ne zuciyar wannan maƙala. Idan muna maganar Hausa da Turanci, mu ne a matsayin Japanawa: muna kare harshenmu daga wanda ya fi shi kasuwa. Amma da zarar mun sauka bakin tafkin Kainji sai lissafi ya juya. A gaban Tsureshe da harsunan Kambari da na Shangawa, Hausa ce mai kasuwa, ita ce mai rediyo da fim da situdiyo. Abin da muke kuka Turanci yana yi mana, shi muke yi wa maƙwabtanmu ba tare da mun lura ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sunan Gungawa ma kansa mu muka raɗa musu daga kalmar gungu, wato tsibiri, alhali suna da sunan da suke kiran kansu da shi. Labarin Sukiyaki ke nan a ƙofar gidanmu. A bikin Rigata na Yauri, inda ake tseren jirage da wasannin ruwa, gwanintar mutanen kogi ce ake nunawa. Ya kamata a tambaya, nawa ne daga waƙoƙin da matasa suke ji a wayoyinsu suke ɗauke da harshen waɗannan mutane? Yaron da bai taɓa jin harshen kakarsa a cikin waƙar da abokansa suke so ba, zai ɗauka harshen na tsofaffi ne da ƙauye. Daga ranar da ya ji shi a kan kiɗan da ake yayi, tare da Hausa, kafaɗa da kafaɗa, kallon da yake yi masa zai canza.

Amfanin bai tsaya ga martaba ba. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya nitse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa. Saƙon sanya rigar kariya da hana lodin wuce kima yana buƙatar shiga kunnen matuƙi da fasinja da 'yar kasuwa. Waƙar da gindinta yake da Hausa, ɗiyanta kuma da harsunan bakin ruwa, za ta isa inda allon sanarwa ba ya isa.

7.0 Shawarwari

Na farko, kowane harshe ya sami mai shi a zaman shirya waƙa, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a kan baitocinsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na biyu, a yarda a kan jigo tun kafin a taɓa fiyano, sannan kowa ya rubuta nasa daga cikin harshensa. Kada ɗa na biyu ya zama fassarar na farko. Ya ci gaba da zancen, kamar yadda mai tahamisi yake yi.

Na uku, a fara gina kari a kan harshen da karin sautinsa da tsawon wasalinsa suke canza ma'ana. Turanci ya fi sauƙin lanƙwasawa, shi ya kamata ya biyo baya.

Na huɗu, a sauya harshe a gaɓar da waƙa ta tanada, wato tsakanin gindi da ɗa, ko tsakanin jagora da amshi, sai fa in akwai hikimar da ta sa a sauya a tsakiyar layi.

Na biyar, kafin a saki waƙa a rera ta a gaban dattijo ko dattijuwar da ba ta jin ɗaya harshen. Idan ta gane saƙon daga rabonta kaɗai, waƙar ta yi adalci.

Na shida, a rubuta sunan kowa da aikinsa. A Japan al'ada ce a bayyana wanda ya rubuta baitoci, da wanda ya sa kari, da wanda ya tsara kiɗa, kuma ƙungiyarsu ta tattara haƙƙin mawaƙa, JASRAC, tana aiki tun 1939. Nijeriya tana da sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Tsohuwar da aka ɗauko salon waƙar daka ko ta tuƙin jirgi daga bakinta tana da haƙƙin a ambace ta, a kuma ba ta rabonta.

Na bakwai, sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'i da kwalejojin Kebbi da Sakkwato su haɗa ɗalibansu da mawaƙan yankin, musamman wajen daidaita rubutun ƙananan harsuna, domin baitin da aka rubuta daidai ya fi daɗewa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun mawaƙan Japan daga lokacin da aka canza wa waƙarsu suna ba da shawararsu ba, zuwa lokacin da suka tabbatar da ƙarfin harshensu, har zuwa yau da suke zama da masu Turanci a matsayin abokan aiki. Ta nuna cewa matsalolin gaɓa da karin sauti da suka fuskanta irin namu ne, kuma tahamisi da amshi sun riga sun koya mana yadda ake shiga waƙar wani ba tare da an ƙwace ta ba. Abin da ya rage shi ne mu yi wa maƙwabtanmu adalcin da muke nema daga Turanci. Ruwan Kainji ya rufe tsibiran Bareshe a 1968, kuma babu mai iya dawo da su. Harshen da aka yi magana da shi a kan tsibiran yana nan a bakin mutane, kuma shi ana iya ceto shi. Jirgin da ya fi tafiya daidai a Kwara shi ne wanda ake tuƙa shi ta gefe biyu. Ina roƙon mawaƙanmu na Yelwa da Wara da Shanga da Birnin Yauri, idan sun zauna shirya waƙa ta gaba, su matsa su ba mai ɗaya harshen wuri a cikin jirgin, su kuma miƙa masa filafili.